Tawul ɗin Marigayi Yarima

Na dawo daga karatun shari'a a birnin Padua na tarar Yarima Enguerrand ya rasu, an kuma sa masa abinci.

Haka ake yi wa jinin sarauta. An ƙera siffarsa da kakin zuma, an sa mata alkyabba, an kwantar a kan gado a babban zaure. Rana da maraice a jera gasasshiyar barewa da ruwan inabi, limamin coci ya sa albarka, sannan babba a dangi ya miƙa tawul ɗin goge hannu. Wanda ya miƙa, shi ne gaba a bayan makara, gidansa kuma gaba a kowace ƙofa har jikoki.

Mutum biyu ke neman tawul ɗin: baffana Aymar de Vaucreuse da ɗan'uwansa Thibaut de Montferrel. Kakanninsu tagwaye ne, ƙannen kakan Yarima.

"Kakana ya fara fitowa," in ji Baffa.

"Ai shi ya sa ya zama ƙane," in ji Thibaut. "Zuba ƙwai biyu a siririn tulu, Aymar. Wanda ya fara shiga shi ke fita ƙarshe."

"Kakarmu kake kira tulu, tsohon banza?"

"Kakarmu ce mu biyu, mai sanƙo."

Matar marigayin, Gimbiya Hélisende, ta dube ni ta cikin baƙin lulluɓi. "Kai da aka kashe gona guda a kan karatunka, me suka ce a can?"

"Ranki ya daɗe, likitoci na bayan tulu. Alƙalai sun ce wanda ungozoma ta fara gani."

"Kai wanne ka karanta?"

"Shari'a."

"To, a ba Aymar. Naman na hucewa."

Baffa ya karɓi tawul ya taka zuwa gadon, gemu a sama. Nan ya tsaya. Tun yana saurayi yake rigimar tawul ɗin nan, bai taɓa tambayar yadda ake yi da shi ba. Abin da ake yi kawai: a ɗaga shi wajen kujerar marigayi, a rusuna, a mayar wa sarkin gida. Sarkin gida na ta yi masa ido. Baffa ba ya kallon barori.

Ya kama hannun kakin ya shiga gogewa, yatsa bayan yatsa, da ƙarfin mai wanke doki. Zauren da zafi, kyandirori sun fi mutane yawa. Na ji ɗan ƙas.

Baffa ya dunƙule tawul, ya ja hannun alkyabbar ya rufe wurin, ya rusuna har ƙasa. Sarkin gida ya miƙo hannu don ya karɓa, sai Baffa ya cusa tawul a ƙirji kamar baƙin ciki ne ya ci ƙarfinsa. Wasu mata suka fashe da kuka.

Thibaut na tsaye dab da gadon. Ya ga komai.

A farfajiya ya tare mu. "Ɗan'uwa, Yarima ya ba ka hannu, ka riƙe masa ɗan yatsa?"

"Me kake so?"

"Ni ƙane, me zan so? In tambayi Gimbiya ne kawai ko da yatsu tara aka haifi mijinta."

Baffa ya juyo gare ni. "Me Padua ta ce a nan?"

"Ta ce ka sasanta, Baffa."

Ranar jana'iza suka bi makara kafaɗa da kafaɗa, babu wanda ya wuce wani da tsawon takalmi. Ƙofar cocin da kaburburan dangi suke ta mutum ɗaya ce, su kuwa kowa da tumbinsa. Suka shiga tare suka maƙale. Gawa na ciki, masu makoki na waje cikin rana.

"Ja cikinka, Aymar."

"Kai ja naka. Ni ne babba."

Gimbiya ta ce in tura. Na tura.