Zazzaɓin Amya

Malam Ilu na Wurma bai gaji gonar kirki ba, kiwon zuma ya gada. A da, duk ɗorawar da ka ɗaga kai a bayan gari sai ka ga amyarsa a kwance kan reshe. Sarar itace da feshin maganin ƙwari suka bi su ɗaya bayan ɗaya, har saura guda tak, wadda ƙudanta tsatson na mahaifinsa ne. Ita yake fara dubawa kafin ya sha koko. Matarsa Luba takan ce, "Malam, ko ni ba na samun irin wannan gaisuwa."

Ana tsakiyar marka ya fara tsintar 'ya'yan zuma a gindin ɗorawar, farare fat, sun bushe ƙamas kamar alli. Ya hau, ya ɗora tafin hannu a jikin amyar. Kai! Zafi rau, sai ka ce goshin mai zazzaɓi, ga ƙuda na ta guna a ciki.

To, abu ɗaya mai zuma ya sani tun yana ƙarami: in amya ta yi zafi a sanyaya ta, kada saƙa ta narke ƙuda su yi ƙaura. Haka ya ga ana yi da bazara. Ya jiƙa buhu ya lulluɓe ta, safe da yamma yana hawa da buta yana yayyafi.

"Malam, sama na zubawa kai ma kana zubawa?" in ji Luba.

"Ke dai ji da tukunyarki."

Ya sanyaya, su ɗumama. Ya sanyaya, su ɗumama. Taurin kai ya gamu da gamonsa, gawarwakin kuwa sai ƙaruwa suke. Da abin ya ishe shi, ya ƙulle kaɗan a leda ya hau mota zuwa Dutsin-Ma, wurin wani malamin gona, Badaruddeen.

Badaruddeen ya murje ɗaya da yatsa. "Baba, funfuna ce ke cin 'ya'yan. Sanyi da laima take so, kuma ɗan da ta kama ba ya jure sanyi ko kaɗan. Zafin da ka ji, ƙudan ne suka tara shi da gangan, suna karkaɗa jiki don su fi ƙarfinta. In an bar su da zafinsu, sau da yawa sukan tsira. Ba dai ka sa musu ruwa ba ko?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe Malam Ilu. Wato bayin Allah magani suke haɗawa, shi yana bi yana zubarwa!

Da ya dawo Wurma, ko gida bai shiga ba, ɗorawar ya nufa. Ya hau, ya fizge buhun ya yar. Shiru, babu guna. Ya buɗe murfin, warin ruma ya doke shi. Saƙar ta yi furfura, matattu a jere cikin ramukansu, manyan kuwa sun watse, sai 'yan tsiraru da ko harbi ba su iya ba. Ya so a ce sun harbe shi.

Ya ɗora tafin hannunsa inda ya saba. Sanyi ƙalau, daidai yadda ya yi ta nema.

Luba ta biyo shi, ta tsaya a ƙasa tana kare ido da hannu. "Malam, zafin ya sauka?"

"Ya sauka, Luba," ya ce. "Ni na sauke shi."