Godiyar Tsohon Inji

"Ƙarfe na, Maniru. Ƙarfe! Bai ci, bai sha."

"Shina shan mai," in ji Maniru, kansa a ƙasa.

Badaru, yayansa, ya yi dariyar takaici. Suna tsaye a ƙofar ɗakin ajiya na lambunsu, a fadamar Danchadi. A ciki injin ban ruwan mahaifinsu yake, ya yi tsatsa, bai ƙara tashi ba tun kafin tsohon ya rasu. Albasa ta nuna, ba inda za a zuba ta sai nan. Tukur ɗan gwangwan, mai sayen tsohon ƙarfe, ya zo tun daga Shagari da kekensa mai ƙafa uku, yana jingine yana sakace, yana jiran a ɗora masa.

Maniru ba ya son a ɗauka. Dalilin da zai faɗa ne ba shi da shi, sai ya kama wanda ya samu. Tun da ya gama sakandare yake yawan karance-karance a waya, kuma a jikin injin an rubuta ƙasar da aka ƙera shi.

"Ɗan Japan na," ya ce. "Can, sun ce kayan aiki in sun tsuhwa rai ka shiga cikinsu. Ka yar da su ba godiya, su koma dodanni. Laima ta hiddo ido guda tana tsalle da ƙahwa guda. Takalma su dinga gudu cikin gida."

"Subhanallahi. Aljanun garin ga ba su ishe ka ba, sai ka yo odar na waje?"

"Ko allura ta karye ba su yar da ita. Cikin awara suka soke ta, ta huta wuri mai taushi."

Tukur ya cire tsinken daga baki. "Awara? Ashe ba su san yunwa ba."

"To ka ji," in ji Badaru. "Sai mu aika Bodinga a soyo muna awara kwando guda mu kwantar da shi."

Maniru bai yi dariya ba. Igiyar tayar da injin yake kallo. Ba tasa ba ce ta asali. Igiyar guga ce da Baba ya yanko ya ɗaura, ya yi mata mariƙi da itacen geza, hannunsa ya goge shi har ya yi sheƙi.

"Ni ban ce shina da rai ba, Yaya. Na ce mu yi mishi godiya."

Badaru ya dubi rana, ya dubi tulin albasa. "Yi maza. Allah aka wa godiya, amma yi."

Maniru ya shiga ya tsuguna kamar mai gaida babba. Warin tsohon mai da ƙasa ya cika masa hanci. Ya nemi kalmar da ta dace. A ƙarshe abin da ake ce wa kowa a bakin aiki ya zo masa.

"Sannu da aiki," ya ce.

Ba wanda ya yi masa ba'a. Badaru ya shigo don su kama su fitar, ya sunkuya, hannunsa ya sauka kan mariƙin nan. Sai ya tsaya.

"Ni ab biye da Baba ran da yas sawo shi," ya ce a hankali. "Kan jaki. Ya tuɓe rigatai ya ruhe shi kada rana ta taɓa shi."

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙanensa. Iska ta kaɗa ganyen albasa a waje. Can wani injin maƙwabta yana ta bugawa.

Tukur ya leƙo, ya dube su su biyun, ya rage murya.

"Bayin Allah, in ɗauka ko in tahi?"