Garin da Ya Kwanta a Gindin Kwano

"Kar ka tsaya, Tela. Juya dai, a hankali," in ji tsoho Mai Hoto.

Tela ya ci gaba da juya kwanon da sandar gilashi. Ɗakin wankin hoto ba taga, sai jan ƙwai da warin magani mai shaƙe maƙogwaro. Shagonsa jikin na Mai Hoto yake tun yana saurayi, amma sai yau ya taka nan ciki.

Tsohon bai taɓa yarda da takardar kanti ba, da kansa yake haɗa ruwan da yake shafa wa tasa. Wani gari ne da ya fi hoda laushi, cikin ƙaro mai ɗumi. Ya ce muddin ana juyawa garin na bazuwa daidai, in aka saki sai ya kwanta ya dunƙule, hoto ya fito da ƙuraje. Yanzu hannunsa rawa yake, garin kuma wannan ne ragowar.

Hoton kansa yake son wankewa. 'Yarsa da ke zaune nesa ta ce yaranta ba su san fuskar kakansu ba. Ya ɗauki kowa a layin, shi ko ɗaya ba shi da shi. Tela ya ce a ɗauka da waya mana, tsohon ya ce wannan ai inuwa ce.

"Baba, kafaɗata ta gaji."

"Kai da ka ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, yau dai yi abu daidai."

Dariyar da tsohon ya yi ce ta tayar masa da tari. Abin da ya tofa a hankici baƙi ya fito a jan hasken. Ya zame daga kujera, ya jingina da bango.

"Juya," in ji shi.

Tela ya dubi kwanon, ya dube shi. Ya saki sandar, ya durƙusa ya ɗora kan tsohon a cinyarsa. A nan numfashin ya yi ta raguwa har ya ɗauke.

Bayan an binne shi, Tela ya koma ɗakin. Ya ɗumama kwanon, ya juya har hannunsa ya sage, ya shafa wa takardar, ya wanke hoton yadda tsohon ya kwatanta masa. Garin ya riga ya dunƙule.

Da 'yar ta iso, Tela ya miƙa mata hoton. Rigar ta fito sarai, har maɓallan da shi ya ɗinka. Fuskar kuwa kamar an watsa mata yashi.

Ta tsaya a bakin shagon tana karkata takardar wajen haske, ta nan, ta can.