Buhun Tsoho

Ashe buhun nan ne, kin ji. Buhun da ke ninke a kan bencin Tsoho a bakin rumfar shanu, wanda ke kanki kin zauna a kai ranar da kika je ganin jaririya. Tsaya ki ji yadda aka yi, don abin da ya iso miki rabi ne.

Kin san sana'ar gidan tatsar madara ce. Tsoho ne mai shanun, ɗansa Dogo ke tatsa yana kaiwa gari, matar Dogo kuma, wadda har yau kowa ke ce wa Maijego duk da 'yar tata ta daɗe da fara zama, ita ke wanke bokitai. To Tsoho yana da wata dabara tasa da ba ya yarda a taɓa masa. Duk dabbar da aka sayo, kafin a sake ta cikin garke, sai ya goge ta da buhun nan daga wuya har gindin wutsiya, ya bi shanun gida ɗaya bayan ɗaya yana goge su, sannan ya dawo ya sake goge baƙuwar. Wai don warinsu ya gauraya, kada su yi mata taron dangi da tunkuyi. Kuma ba a wanke buhun, wai wankin ne zai kashe shi. In ya gama sai ya ninke abinsa ya zauna a kai.

Sai aka sayo wani jan bijimi. Dogo ya ga ɗan wuri a wuyansa da gashi ya zube, mai sayarwa ya ce gogar igiya ce. Tsoho ya yi gugarsa kamar kullum, aka saki bijimi, ko saniya ɗaya ba ta kalle shi da ƙaho ba. Tsoho ya wuni yana yabon kansa.

Ba da ido Maijego ta fara sanin abin ba, da kunne ta fara. Tana tsugune tana wanki sai ta riƙa jin ƙarfen rumfa yana ƙara, gurr, gurr, a daina, a sake. Bijimin ne ke goga wuya. Kafin wani lokaci ƙarar ta zama ta ko'ina, turke na girgiza, shinge na kuka, shanu sun bar ci sun koma susa. Gashi ya riƙa zuba yana taruwa a lungu kamar an yi aski. Fatar wuya da ta gindin wutsiya ta yi kauri ta yamutse, ta yi ɓawo fari-fari, inda suka sosa da yawa har jini yake tsattsafowa. Madara ta ja baya. Dogo ya shafa musu baƙin mai, suka yi baƙi ƙirin, susa kuma ba ta fasa ba.

Daga nan abin ya tsallako shinge. Dogo in zai yi tatsa goshinsa yake jinginawa a cikin saniya, to a goshin ƙurajen suka fara fitowa, sai hannuwa. Shi abin dariya ya mai da shi, ya ce wa matarsa ta nemo masa turke shi ma, ya kusa fara cin ciyawa. Ta ce masa wutsiya kawai ta rage masa. Ta yi dariyar, amma ranar da ta ji tsintsiyar hannunta tana mata ƙaiƙayi bayan ta wanke rigunansa, dariya ta ɗauke. Ta tsaya tana bin sawun abin a ranta. Daga bijimi zuwa shanu, daga shanu zuwa mijinta, daga mijinta zuwa ita. Ta dubi 'yarta da ke kwance a hannun nata, fata luwai-luwai kamar ba a taɓa taɓa ta ba, ta ga ba sauran kowa a tsakaninsu.

Ita ta matsa aka kira likitan dabbobi. Ya zo ya kankari ɓawon fatar ya duba a na'urarsa, ya ce ƙazuwar shanu ce, wasu ƙwari ne da ido ba ya gani, suna haƙa rami cikin fata suna zuba ƙwai. Ya yi musu allura, ya ce zai dawo ya maimaita. Ya sa aka ware bijimin da shanun da abin ya fi ci a bayan gida. Ya ce a ƙone tsofaffin igiyoyi da shimfiɗar ciyawa, a wanke turaku da magani, duk abin da ya taɓa jikin dabba kada a bar shi. Tsoho yana zaune yana gyaɗa kai, yana cewa haka ne, likita, haka ne. A kan buhun yake zaune. Likita bai ga buhun ba, Dogo kuma tun yana yaro a matsayin wurin zaman babansa yake kallon abin.

Aka samu sauƙi. Dogo da Maijego suka karɓo man shafawa a asibiti, ƙurajensu suka bushe. Ƙarfen rumfa ya yi shiru, har Maijego ta koma barin yarinyar wurin kakanta kamar da. Kullum da rana in za ta wanke bokitai sai ta kai masa ita, ya zaunar da ita gefensa a benci yana ce mata matata, yana tambayarta yaushe za ta fara yi masa girki.

Sai wata rana Maijego ta sake jin gurr, gurr. A hankali, daga ɓangaren 'yan maruƙa, waɗanda ko kusa da marasa lafiyar ba sa zuwa.

Washegari da safe ta zagaya bayan gida ɗauko bokiti, sai ga Tsoho cikin keɓaɓɓun shanun. Yana goge wuyan bijimin da buhu, a kan ɓawon nan, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya fito ya nufi garke ya bi su ɗaya bayan ɗaya har 'yan maruƙan. Ashe tun ranar da aka ware su haka yake yi kowace safiya, don kada garke ya manta warinsu, ranar da za a maido su a yi tunkuyi. Da ya gama ya kakkaɓe buhun, ya ninke, ya shimfiɗa a benci, daidai inda yarinyar ke zama.

Ta koma ɗaki ta kifa yarinyar a cinya ta ɗaga rigarta. A bayan cinyoyin, inda ke taɓa benci, ga jajayen ƙuraje ƙanana a jere. Yarinyar ta riƙa murza ƙafa ɗaya da ɗaya tana ƙananan kuka.

Ta gaya wa Dogo. Ya sosa ƙeya ya ce zai san yadda zai yi wa Baba magana, a bari ya samu lokacin da ransa ke da daɗi. Ta san wannan lokacin ba zai zo ba. Ita kuma Tsoho surukinta ne, ko ido ba ta haɗawa da shi. Sai ta ɗauki 'yarta ta je ta durƙusa gabansa, ta juya masa bayan cinyar.

"Baba, duba mini nan. Idona bai gani sosai."

Ya daɗe yana kallo. Ya ce ƙurajen zafi ne, amma yana faɗa hannunsa yana sosa tasa cinyar ta cikin wando. Ta ɗauki 'yarta ta wuce asibiti. Nas ta ce irin na iyayen ne, ta ba da man shafawa na yara. Ta ce ƙwarin shanu ba sa daɗewa a jikin mutum, amma muddin ana mayar da yarinyar inda ta ɗauko su, za ta yi ta ɗauka har fatar ta zama gyambo.

Da rana Maijego ta goya 'yarta ta yi wankin bokitan a haka. Washegari ma haka. Tsoho na zaune shi kaɗai, yana leƙowa. Da ya gaji ya ɗaga murya ya ce, "Wai ina matata? Yaji ta yi?"

"Tana son zuwa, Baba. Bencin take tsoro."

Ta ci gaba da wanki, tana jiran ya kira ɗansa ya ce an raina shi a gidansa. Can sai ta ji ƙauri, irin na gashi da tsohon maiƙo. Ta leƙa. Tsoho ne tsaye a bayan rumfa da sanda yana juya buhun cikin wuta, yana ta mita cewa in shanu suka farke wa juna ciki kada kowa ya zo masa da kuka.

Likita ya dawo ya sake yi wa garken allura gaba ɗaya, aka wanke benci da ruwan zafi, Tsoho ma aka kai shi aka ba shi nasa man. Ranar da aka maido bijimin an yi tunkuyin kuwa, wata karsana ta rasa rabin ƙaho, kuma har yau Tsoho yana nuna wa baƙi ita. Amma ki ga cinyar yarinyar yanzu, sumul, ko tabo babu, har ta fara rarrafe tana bin kakanta.

Don Allah ki gaya wa mijin yayarki, na ji zai sayo saniya. Ya ware ta tukuna, kuma duk tsumman da ya taɓa ta kada ya kusanci inda yara ke zama. Ki faɗa wa matan layinku ma, duk mai shanu a gida ta ji.