Muryar Malam Gide a Rediyon Mota

A shekarar da arzikin man fetur ya sa jiragen alhazai suka yawaita, Malam Gide na Ketare ya tafi Makka. Ya bar matarsa Inna Suwaibatu da ɗansu Harisu, direban a-kori-kura mai jigilar hatsi tsakanin Kankara da Sabuwa.

Kowace yamma gidan rediyon Kaduna kan saka muryoyin alhazai suna gaida gida. Inna kuwa kunnenta ya yi nauyi, ƙaramar rediyon gidan ba ta isar ta. Sai Harisu ya riƙa kawo motar ƙofar gida yana zaunar da ita a gaba, don ta motar ta fi ƙara. Amma batirin motar ya tsufa, dole ya bar injin a kunne, injin kuma na tashi sai wani kuka mai tsini ya cika rediyon.

Ran nan suka ji an ce "Ketare", sauran maganar kukan ya haɗiye. Inna ta damƙi hannunsa.

"Shi ne? Mi ya ce?"

"Wallahi Inna ban ji ba."

Ba ta ci tuwon dare ba.

Washegari, a hanyar Sabuwa, ya tsaya Faskari wurin Ɗanliti mai gyaran wayoyin mota, ya faɗa masa komai. Ɗanliti ya taka totur, kukan ya hau. Ya saki, kukan ya sauka.

"Rediyonka lafiya lau," in ji shi. "Wutar da dainamon cajin batir ke ba ta ce ba ta zuwa sumul."

Ya naɗe wayar tagulla a jikin guntun ƙarfe, ya haɗa a wayar da ke kai wa rediyon wuta. Ya ciro wani ɗan gwangwani da ya kira kwandansa daga matacciyar mota, ya kankare tsatsa, ya ɗaure shi a jikin motar. Kukan ya ragu, bai mutu ba. Sai da rana ta yi tsaka suna sake wa wayar hanya nesa da fulogin injin kafin muryar mai labarai ta fito tas. Harisu ya rasa lodin ranar, bai damu ba.

Shi da Inna sun yi ta saurare kullum yamma har ta fara cewa ƙila dai wancan ɗin shi ne ya wuce. Ana gobe Arfa sai ga muryar, a dushe:

"Ni ne Gide na Ketare. Ina gaida Harisu da mutanen gida. A shigar da dawa rumbu, kada a bar ta a gona."

Harisu ya juyo cike da murna. Inna tana share ido da bakin zane.

"Mura gare shi," ta ce. "Sai da na ce ya tafi da bargo."