Hatimin Bakin Kwalba

Almu, mai sayar da maganin dabbobi a Tambuwal, ya iso Fakku a bayan babur ɗin Mudassir, ɗan kabu-kabun da ya kai masa saƙon kwalaben allura can jiya. Shanun Bube makiyayi na kwance suna nishi, amma malamin dabbobi ya ƙi taɓa kwalaben.

Kowace kwalba takan zo da hatimi mai ƙyalli a baki, mai sauya launi in an karkata shi. In aka ɗaye shi, sai ya bar zane a murfi. A waɗannan kwalaben, zanen kawai ya rage.

"Ruwa ka ɗura muna, Almu?" in ji Bube, sanda a hannu.

Almu ya san in zancen nan ya kai kasuwa, shagonsa ya mutu. Da ya waiwaya, sai rana ta haska tankin babur. Ga hatiman nan manne jere a jikinsa, kore na komawa ja.

"Ado ne kawai, Alhaji," in ji Mudassir. "Wallahi ban buɗe ba."

Bube ya sauke sanda, amma malamin ya ce sai an kawo wasu. Almu ya koma ɗaukowa, ya dawo rungume da kwalin sababbin kwalaben, bai bar kowa ya taɓa ba.