Fuskar Tsahara

Shekara huɗu mutanen Jiratawa suna yabon Hafizu a kan abin da ke cin matarsa a ɓoye, shi kuwa yana karɓar yabon da hannu biyu.

Ya auro Tsahara daga Tibiri tana siririya, mai doguwar fuska, in ta ɗauki tulu sai ka ji tsoron kada wuyanta ya karye. Da aure ya shekara biyu sai ta fara cika. Kumatu suka taso, fuska ta zagaye, bayan wuya ya yi tozo. In Hafizu ya wuce majalisa da buhun zogale a bayan babur, sai a bi shi da tsiya: "Mai zogale, wai mi kake ba ɗiyar mutane ne? Hwaɗa muna mu ma mu gwada!" Ya yi dariya, kansa ya ƙara girma. A gida ma ya daina kiran sunanta, ya koma kiranta Wata, don fuskar ta zagaye kamar farin wata.

Ba wanda ya lura ƙafafunta suna ramewa yayin da ciki ke tasowa. Sau biyu aka yi murnar juna biyu, sau biyu aka tarar ba komai. Ta koma ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Aka ce tansiyon ne, wato hawan jini, aka ba da ƙwaya. Aka ce sukari ne, aka ƙara wata. Sai ranar da ta faɗi a bakin murhu tana dafe da ƙirji ya ɗauke ta zuwa Maraɗi.

A asibitin birni suka haɗu da Likita Safiyatu, mace mai magana a tsanake. Ta daɗe tana duban fuskar Tsahara, sannan ta ce, "Malam, kana da hotonta na aure?"

Ya nuna mata a waya, har da murmushin alfahari. Likita ba ta yi murmushi ba.

Bayan awon jini da hoton ciki ta zaunar da su. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka, zaune kamar hula, mai fitar da wani sinadari da jiki ke buƙata daidai gwargwado. Ta hagun Tsahara ta yi ƙari, bai fi ƙwallon dabino ba. Ba ciwon daji ba ne, amma yana malala sinadarin nan ba dare ba rana. Shi ya hau da jini, shi ya kawo sukari, shi ya gajiyar da zuciya.

"Ƙibar fa?" in ji Hafizu.

"Ita ce ciwon, Malam."

Ya sunkuyar da kai. Tsahara ta taɓa gwiwarsa ta ce, "To ka ji, mai zogale. Ashe ba kai ne gwani ba." Ta yi dariya ita kaɗai, don ta rage masa nauyi.

Aka yi aiki, aka fitar da ƙarin tare da tsokar. Cikin makonni kaɗan jini ya sauka, sukari ya lafa, numfashi ya daina sarƙewa. Ranar sallama likita ta miƙa wa Hafizu ledar wasu ƙananan fararen ƙwayoyi, ta riƙe ledar ba ta saki ba sai da ta gama magana.

"Tsokar dama ta yi shekaru tana barci, tun da ta hagu ta karɓe aikin. Kafin ta farka, watanni ne. Waɗannan su ne a madadinta. Ko yini ɗaya kada ta fasa. In zazzaɓi ya zo ko amai, kada a jira, a kawo ta. Duk wanda zai yi jinyarta, ka faɗa masa da bakinka."

Ya ce to. Kuma har ga Allah ya yi niyya.

Mace in ta tashi daga ciwo irin wannan, gidan uwarta take zuwa ta warware. Ya kai ta Tibiri, gidan Inna Tani. Shekara shida yana surukinta, bai taɓa ɗaga ido ya dubi fuskarta ba, bai taɓa shan ruwa a gabanta ba, maganarsu ba ta wuce gaisuwa. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ita tana daga ciki. Duk hanya yana jera kalmomin likita a ransa, amma da ya buɗe baki sai ya ji kamar zai koya wa uwa yadda ake riƙon ɗiyarta. Ya tura ledar a kan tabarma.

"Ga maganinta, Inna."

"Madalla. Allah shi yi albarka."

Ya tashi. A ransa ya ce ai Tsahara ta ji komai da kunnenta.

Duk Juma'a yana zuwa. Kumatun suka fara sauka, tozon ya narke, yarinyar da ya gani da tulu tana dawowa kaɗan-kaɗan.

"Watanka ya zama jinjiri," in ji ta wata rana a zaure. "Ka hwasa so?"

"Wannan na aura. Waccan baƙuwa ce."

"Baƙuwar da ka yi shekara huɗu kana yi wa kirari? Kai dai, maza!"

Daga tsakar gida kuwa ya jiyo Inna Tani tana faɗa wa maƙwabciya, da muryar da aka ɗaga don a ji: "Na ba da ɗiya cike da ƙofa, an yanke ta an maido mani sanda. Kullum ƙwaya, kullum sai ƙara tsotsewa take." Maganar ta sauka a ƙirjinsa. Ya miƙe, ya yi taku biyu zuwa ciki, sai kunya ta kama ƙafarsa. Ya koma ya zauna.

Cikin damina zazzaɓi ya kama Tsahara, da amai. Inna Tani ta ga duk ƙwayar da aka sha dawowa take, ta ce a bar ciki ya huta kwana biyu, ta ɗauke ledar, ta dama kunu, ta kawo fura da nono mai kauri. Tsahara ta ce likita ta hana. Uwar ta ce ba likita ta haife ta ba. Tsahara ba ta da ƙarfin gardama.

Hafizu ya kira waya ran Talata, Inna ce ta ɗauka.

"Tana barci. Ɗan zazzaɓi ne."

Tambayar maganin tana kan harshensa. Ya ce, "Allah shi sawwaƙe, Inna. A gaishe ta."

Ran Alhamis da hantsi yana tsakiyar zogale aka kira shi. Ya bar lauje a nan. Ya samu Tsahara jiki sanyi ƙalau, ido a lumshe, tana kiran sunan da bai gane ba. A mota ya ɗora kanta a cinyarsa yana cewa, "Wata, ga Maraɗi nan, ga ta nan." Likitoci suka rufu a kanta da allurai da ƙarin ruwa. Zuciyar da ta yi shekara huɗu tana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta ba ta iya ɗaukar wannan ba. Kafin la'asar an rufe mata fuska.

Likita Safiyatu ta fito ta tsaya a gabansa. Hafizu bai iya dubanta ba.

A wurin zaman makoki mata suna ta faɗa ƙasa-ƙasa: da ba a yi aikin nan ba, da tana nan da ƙibarta. Ran sadakar uku Inna Tani ta sa aka kira shi. Ya durƙusa inda ya saba. Ta turo masa leda a kan tabarma, ita ce dai, an ɗaure bakinta da kyau.

"Ga sauran. Ka ba wani mai bukata, kada su lalace. Ni dai na yi iya yina, Malam Hahizu. Har hura da nono na ba ta, ta ƙi zama."

Ya ɗauki ledar. Maganar da ya ɗauko daga Maraɗi wata uku da suka wuce tana nan a bakinsa, ba ta ragu da kalma ɗaya ba. Ya ɗaga kai, karo na farko a rayuwarsa, ya dubi surukarsa.

Siririya ce, mai doguwar fuska. Fuskar Tsahara ce sak, wadda ya aura, da ta samu ta tsufa.

Tsohuwar ta kau da kai da sauri, ta ja mayafi.

"Kin yi, Inna," in ji shi. "Ni ne ban yi ba."

Ba ta gane ba, ta ce haƙuri za a yi. Ya sa ledar a aljihun gaba, ya fita ya tura babur har bakin titi bai tayar da shi ba.